Littafin Da Na Jiƙa Na Shanye

Saura kaɗan in ƙi ba da wannan labari, don har yau in na tuna shi sai na sunkuyar da kai. Na yi yawo, na ga Agadas, na ga Ikko da Kumasi, na ga abin kunya iri-iri, amma nawa shi ne ba zan taɓa mantawa ba. Ganin yaranmu sun duƙufa shirin jarrabawar tsakiyar shekara ya sa na ce bari dai in tona kaina.

Zamanin Turawa ne, ina aji huɗu a elementare a Haɗeja. Da jarrabawar nan malaminmu yake zaɓen waɗanda za a shirya don zuwa Midil a Kano. Ni kuwa tun da ruwan fadama ya ja baya aka shiga su, wato kamun kifi, rabin kwanakin makaranta a tafki na yi su da homa a hannu. Na san ramin kowace tarwaɗa, labarin ƙasa kuwa ko oho.

Abokin zamana a benci wani yaro ne daga wajen Birniwa, yana zaune gidan kawunsa, ba shi da burin da ya wuce Midil. Ana jibi jarrabawa na roƙe shi aron littafin da yake rubuta darasin labarin ƙasa a ciki. Ya ce, "Ungo, amma gobe ka kawo min, rabi kawai na bita."

Na buɗe a gida, na ga shafi bayan shafi, kaina ya ɗau zafi. Sai dabara ta zo min. A gidanmu in ana so yaro ya yi kaifin ƙwaƙwalwa, rubutu ake yi masa a allo, a wanke ya sha. Na ce to, me zai hana wannan ma? Da sassafe na laɓe bayan rumbu, na yayyage takardun a ƙwarya, na dama, na toshe hanci na shanye. Tawadar boko ba irin ta allo ba ce, ɗaci gare ta kamar ka tsotsi tsohuwar ƙusa.

Ina shiga aji ya ce, "Ina littafina?"

Na ce, "Wallahi akuya ce ta cinye."

Sai na ga ya ƙura wa bakina ido. Malam ma ya hango, ya ce, "Kai, zo nan. Fito da harshe." Shuɗi shar! Ya ce, "Ashe akuyar ma ɗalibarmu ce." Dole na faɗi gaskiya. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Madalla. Tunda ka sha, gaya mana, ina Kwara da Binuwai suka haɗu?"

Na ce, "A Baturiya, Malam."

Baturiya kuwa ƙauye ne a nan fadamarmu. Aji ya kece da dariya har da masu faɗowa daga benci. Mutum ɗaya ne bai yi ba, mai littafin.

Aka yi jarrabawa, tambayoyin suka fito daga rabin da bai bita ba. Ni faɗuwata ba ta ba kowa mamaki ba. Shi kuwa kaɗan ya rage, aka tsallake sunansa, kawunsa ya mai da shi gida noma.

Saboda haka yarana, ku yi karatunku kullum kaɗan-kaɗan, ba a haɗiye shi rana ɗaya. Abin da ya shige muku duhu ku tambaya tun da wuri, don ragon ɗalibi ba kansa kaɗai yake kayarwa ba.

Bayan shekaru da yawa muka haɗu da shi a tashar jirgin Malam Madori, ya kawo gyaɗa. Na yi ta kame-kame ina neman gafara. Ya yi murmushi ya ce ai ya yafe tuni. Har jirgi ya yi kuka zan hau, sai ya riƙo hannun rigata ya ce, "Ni dai abu ɗaya nake so in sani. Ran nan da a ce ka roƙe ni in zauna in koya maka, kana ganin zan ƙi ne?"