Golan Gusau a Gonar Baba

Shekara shida ina tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon garinmu, Kucheri, kuma ba wanda ya taɓa cewa ban iya ba, sai dai a bayan idona. Gaskiya ba iyawa ce ta ba ni wurin ba. Ni kaɗai na yarda in riƙa faɗuwa a kan tsakuwa ba a roƙe ni ba, kuma ni na saro itatuwan da aka kafa ragar da su. Wurin nan tsakanin sanduna biyu shi ne abu ɗaya da na samu da kaina ba gado ba. In aka ce "gola" a kasuwa, ni ke waiwayawa.

Filin kuwa ba namu ba ne. Na wani dattijo ne da kowa ke kira Baba, yana gefen babbar gonarsa, ya bar mana shi ba ya shukawa. Sharaɗinsa ɗaya ne tun zamanin yayyenmu: duk damina, in lokacin maimai ya yi, wato noma na biyu, duk mai taka filin zai zo masa gayya yini guda. A yi noma, a sha fura, a ci tuwo, sai kuma baɗi. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan, don ba wanda ya taɓa tunanin akwai mai buƙatar a gaya masa.

Bayan an ba mu jiha, Gusau ta cika da sababbin manya, kowa na neman abin da za a riƙa ambaton sunansa a kai. Wani Alhaji mai sayen hatsi, kan hanyarsa ta komawa daga kasuwar Tsafe, taya ta yi masa faci a bakin titinmu. Kafin a gyara ya tsaya kallon wasanmu, kafin a gama gyara ya yanke shawarar zama mai kulob. Da sati ya zagayo sai ga shi da buhu guda na jesi, da takalma, da raga sabuwa fil, da takarda. Kyaftin ɗinmu ya sa hannu yana kallon takalman, ba takardar ba.

Mun yi murna, har da ni. Na sa safar hannu karo na farko a rayuwata, na tafi gida da ita, har na so in ci tuwo ban cire ba. Murnata ta yi sati biyu. A na uku Alhaji ya sauke mana 'yan wasa huɗu daga Gusau, cikinsu har da gola.

Dogo ne, mai tsafta, yana ƙamshin sabulu. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ya iya. Yana tashi sama ya cafke ƙwallo kamar an miƙo masa ita. Ya kuma gaishe ni da ladabi, ya ce min "yaya", wanda ya ƙara min haushi, don mutum mai ladabi yana da wuyar tsana. Aka karɓe safar aka ba shi. Ni kuma aka ce ni ne gola na biyu, wato mai ɗauko ƙwallo in ta faɗa cikin dawar Baba.

Ana nan sai Alhaji ya haɗa mana wasa da 'yan Bungudu a filinmu, ya ce zai zo da abokansa na Gusau su ga kayansa. Shekara da shekaru muna son karawa da Bungudu, ba mu da kuɗin mota. Yau ga su za su zo har gida, ni kuma zan kalla daga gindin dawa. Na kwana uku ina juya abin, sai na ɗauki goro na nufi zauren Baba.

Na gaishe shi, na tambayi jakinsa, na yaba dawarsa. Can na ce, kamar abin ya faɗo min ne yanzu, "Baba, baƙin ga na Gusau, su ma suna zuwa gayya ko?"

Ya ce, "Ai baƙi na. Ku ɗiyan gari kun isa."

Na ce, "Haka na. Ni dai na ji ana hwaɗin wanda yas sayi kulob shi ad da hili. Amma zancen mutane na, kada ka ɗauka."

Baba ya daina tauna goro. Ba wanda ya faɗi wannan magana a garin kaf, ni na ƙera ta a kan hanya, amma ta zauna daram. Ya ce, "Hilina? Wa yas sai mai? To, a gaya musu, wanda duk bai ja kunya ba cikin gonata, ƙahwatai ba ta taka wurin ga." Na taya shi zaɓen rana, don ni mai taimako ne. Muka tsayar da Laraba, wasa kuma Juma'a da la'asar.

Alhaji ya yi faɗa, ya ɗaga takarda, ya ce ba a yi da shi za a mai da masa 'yan wasa leburori ba. Baba ya ce shi bai iya karatun boko ba, amma ya iya shuka gyaɗa, kuma filin nan gyaɗa za ta yi kyau a cikinsa. Ga shi Alhaji ya riga ya gayyaci mutane kallon wasan. Dole Alhaji ya turo yaransa ranar Laraba.

Uku daga cikinsu wayayyu ne, suka riƙa sosa ƙasa suna duba rana. Golan ne kaɗai ya ɗauki abin da gaske, kuma ni na tabbatar da haka. Na zaɓar masa fartanya mai sabuwar ƙota, wadda ba ta sha hannu ta yi santsi ba. Na kama kunyar da ke kusa da tasa. Makaɗin gayyar ɗan ƙanen innata ne, na riga na raɗa masa, sai ya bar kowa ya tsaya a kan baƙo yana zuga shi. Yaron kirki, bai taɓa jin ganga ta kira shi ba. Ya duƙa yana sara kamar gonar ubansa ce, har ya wuce ni, ni kuma ina bayansa ina cewa, "Kai, ashe Gusau akwai maza!" Kafin a kawo fura tafukansa sun yi bororo, kafin la'asar sun fashe.

Ranar Juma'a ko safar bai iya zurawa ba. Kyaftin ya miƙo min ita, bai dube ni ba. Na shiga tsakanin sandunana ina jin kaina kamar ango. Motocin Gusau sun jeru a bakin titi, an shimfiɗa wa Alhaji da baƙinsa darduma, gari duk ya fito.

'Yan Bungudu ba su zo ziyara ba. Ƙwallo ta farko ta wuce ta tsakanin ƙafafuna. Ta biyu na tashi dama ta bi hagu. Ana cikin haka na ji murya a bayan raga: "Yaya, hito kaɗan, ka rage mai hanya. Kada ka hwaɗi sai ya buga." Golan Gusau ne, an shafa masa man kaɗe an naɗe hannayen da tsumma, ya bar darduma ya zo yana koya min. Duk wadda na tare sai ya yi ihu ya fi kowa. Da zagina ya yi, da na ji sauƙi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma kunya ba ta tare ƙwallo. Sau biyar na shiga raga na ɗauko ta. Tun a ta huɗu baƙin Alhaji suka fara tuna suna da uzuri a Gusau.

Alhaji bai yi faɗa ba wannan karon. Ya ce shi ba zai riƙe kulob ɗin da sai ya yi noma kafin ya yi wasa ba. Ashe takardar da kyaftin ya sa wa hannu ta ba shi ikon kai ƙungiyar inda ya so. Ya samu fili a Gusau wanda ba ruwansa da fartanya, ya kwashe jesi da takalma da raga, ya haɗa da duk wanda ya iya taka leda a cikinmu, har kyaftin. Ni ba a tambaye ni ba. Golan ne ya zo sallama, ya miƙo min hannu da sauran tabo, ya ce ya gode da na koya masa noma. Har yau ban sani ba ko ya gane.

Sauran da aka bari muka yi ta lallaɓawa, yau mutum bakwai, gobe biyar, har aka daina fitowa. Da damina ta zagayo Baba ya kira gayya, mu uku muka je. Ya dube mu, ya dubi filin, ya ce mutum uku ba su biyan fili guda. Ya sa aka shuka gyaɗarsa. Sandunana dai ya bar su, don sun yi masa daidai wurin ɗaure jaki.

Da lokacin noman gyaɗar ya yi, ya aiko a kira ni ni kaɗai. Ya ba ni fartanya, na duba, sabuwar ƙota ce. Ya kai ni har tsakanin sandunan nan biyu, ya nuna min kunyoyin da suka ratsa wurin, ciyawa ta fara rufe su, ya gyara zama a inuwa ya ciro goro.

Ya ce, "Gola, ga gidanka nan, ba mai amshe maka shi yanzu. Tsare shi da kyau, kada ka bar haki ko guda ya shiga."