Ranar da Na Ɗage Mayafin

Laraba ce, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, a tsakar gidanmu na Doguwa. Akwai Baffa, ƙanin mahaifinmu, da yayana da matarsa, da ni da na zo hutu daga aikina na gidan rediyo. Muna ɓare masara.

Shekara uku Yaya yana fama da farfaɗiya, maganin asibiti bai riƙe ta ba. Baffa ya riga ya yanke cewa da an gama girbi za a ba wani gonar Yaya ya riƙa nomawa, shi kuma ya zauna a gida.

A asibitin Kano an manna masa wayoyin gwajin ƙwaƙwalwa a ka, na'urar ba ta nuna komai ba, don ciwon bai tashi a gabanta ba. Likitar ta ce yanzu bidiyon waya yana taimaka musu su gane irin farfaɗiyar, in an ɗauka tun daga farko. Yaya ya ce mini, "Ɗauki. Ni ban taɓa ganin abin da ke kayar da ni ba."

A gidanmu kuwa, da ya faɗi sai a lulluɓe shi da mayafi, kowa ya kau da kai. Sutura ce.

Ran nan Yaya ya yi shiru a tsakiyar magana. Matarsa ta dube ni, na kunna waya. Hannunsa na dama ya fara karkarwa, kansa ya juya dama, sannan ya kife. Baffa ya jefa mayafi. Na ɗage.

"Ɗan rediyo, nan ma labarai ka zo nema?" in ji Baffa. "Ɗan'uwanka ne a ƙasa."

"Na sani, Baffa. Shekara uku ana rufe shi. Yau a bari a gan shi."

"Mayar da mayafin nan."

"Allah ya huci zuciyarka. Ba zan mayar ba."

Matar Yaya ta juya shi ta gefe, ta tallafe kansa. Na riƙa faɗin lokaci a fili yadda muke yi a wurin aiki, har jikinsa ya lafa. Sannan na kashe wayar.

Da muka kai wa likitar bidiyon, ta kalla sau uku. Ta ce daga ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa ciwon ke farawa, ta sauya magani. Har hutuna ya ƙare Baffa bai amsa gaisuwata ba.

Ciwon bai rabu da Yaya ba, amma yakan yi watanni bai tashi ba. Da damina ta zagayo, shi ya yi huɗar gonarsa.