Baful ne ya yage ko haka kiɗan yake?

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ƙofar gidanmu a Gamkalley fada ce, wato majalisar hira, ta wasu mutane masu cuta ta daban. Sauran fadodi ƙwallo da siyasa ake musu a kai, su kuwa sauti. Ba waƙa ba fa, sauti. Yayana ne jagoransu, kayan sono, wato na sa kiɗa, yake bayarwa haya wurin biki da suna. Sai a sa masa waƙa ya rufe ido har ta ƙare, ka tambaye shi me mawaƙin ya ce, ya ce bai ji ba, amma gangar hagu ta fi ta dama nauyi. Haushi suke ba ni, amma ban taɓa wucewa ban tsaya ba.

Amininsa tun firamare yana da shagon gyaran baful, wato lasifika, da ampli mai ƙara mata ƙarfi a Kalley. Masu sono na unguwarmu duk wurinsa suke kai kaya, kuma bakin yayana ne ya jawo masa yawancinsu.

Wata la'asar aminin ya kawo babban baful ɗin yayana a bayan moto, ya canja masa takardar nan ta ciki da ke kaɗawa sauti ya fito. A al'adarsu, kayan da suka dawo daga gyara ba sa zuwa biki sai an gwada su a fada, kuma da waƙar da babu wanda ya sani, wai don kunne yana rufa wa waƙar da ya haddace asiri. Ranar ɗan kawunmu da ke jami'a ne ya miƙa memuwar ɗinsa, ɗan katin nan na ajiye waƙoƙi. Ya ce wani kiɗa ne na ƙasashen sanyi na Turai, sunansa bilak metal.

Ina tsakar gida aka danna. Na ɗauka ruwa ne ya sauko kan kwano, har na ɗaga kai ina duban sama. Sai wata murya ta biyo baya, irin ta wanda aka taka wa maƙogwaro. Mahaifiyata ta fito da ludayi a hannu.

"Wa ake shaƙewa a ƙofar gidana?"

Kafin in isa waje yayana ya kashe. Ya dubi amininsa a gaban kowa ya ce, "Mutumina, ka yaga mini baful."

"Ni? Da wane hannun?"

"Ba ka ji tsiiii ɗin nan ba? Babu ƙasa, babu nauyi, komai ya taru a sama yana soyuwa."

Ɗan kawunmu ya ce, "Yaya, haka fa suke ɗaukarsa. Da gangan ne."

"Kai, rufe mini baki da jami'arka. Akwai ɗan Adam ɗin da zai shiga sutudiyo ya fito da wannan da gangan?"

Ni da ba ni da haƙuri na ce to a sa a waya mana a ji. Yayana ya ce waya komai ɓatawa take, ba shaida ba ce. Na ce a sa waƙar da aka sani. Aka sa, ta fito tas. Ya ce ai wannan ba ta kai wurin da ciwon yake ba. Nan ya ɗauko abin kwance kusoshi ya fara buɗe baful. Aminin ya ajiye kofin shayinsa bai sha ba, ya hau moto ya tafi. Masu sono da ke zaune sun gani, kuma ba su da sirri. Ba a jima ba kaya suka rage zuwa shagon Kalley.

Ni kuma abin ya tsaya mini a rai. Na ari memuwar ɗin, na ɗauki kask ɗin yayana na sa a kunne ba da izininsa ba, na zauna da littafin jarrabawar bak a cinya don kada a ce ba karatu nake ba. Farko kaina ya yi ciwo. Da na daure, sai na ji wani abu a ƙarƙashin hayaniyar: gangar tana gudu kamar ana korarta, amma gitar tana tafiya a hankali, tana maimaita abu ɗaya mai ban tausayi, kamar goge daga nesa.

Na kai wannan labari fada, aka yi mini ca. Wani ya ce kiɗan da ba a rawarsa ba kiɗa ba ne. Wani ya ce ya ji an ce wasu masu yinsa ba sa ga maciji da addini, shi dai a bar shi da kunnensa. Ɗan kawunmu ya ce gaskiya ne akwai irinsu, akwai kuma masu waƙar daji da sanyi kawai, kuma ko su Turawan ba sa gane kalmomin. Ya ce suna gudun sauti mai tsabta ne don a ji abin da kaushinsa.

Yayana ya ce, "Wato mutum ya sayi shadda ya birgima da ita a ƙasa."

Na ce, "In ƙasar yake son ka gani fa?"

"Ke tafi ki yi karatu."

Amma na lura ya karɓe memuwar ɗin. Ashe yawo ya shiga yi da shi, yana gwadawa a sono na wannan, a ampli na wancan, har a motar wani maƙwabcinmu. Ko'ina tsiiii ɗin na nan, daidai wurin da yake. Ga biki na matsowa, ga baful a kwance a ɗaki, ya kasa mayar da shi yadda yake.

Ni na riƙe masa shi a bayan moto zuwa Kalley, don babu wanda ya yarda ya raka shi. Aminin bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ba na taɓa shi. Inda ka faɗi maganar farko, can za ka faɗi ta biyu."

Washegari da la'asar fada ta cika, har da waɗanda ba su saba zuwa ba. Yayana ya yi ta juya kofi a hannu, sannan ya ce, "Jama'a, baful lafiyarsa ƙalau, aikin mutumina babu abin cewa. Baturen ne ba shi da lafiya."

Aka fashe da dariya. Aminin ya ce, "Ƙara murya, na baya ba su ji ba." Ya ƙara.

Har yau yayana bai yarda cewa kiɗa ne ba, ni ma ban ce na ƙware ba. Nakan saurara jefi-jefi in gari ya ishe ni. Abin da ya zauna mini shi ne, a fadar nan kaf babu mai kunne kamar yayana. Duk abin da ya ce ya ji, yana cikin waƙar, bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Kawai dai ya fi masa sauƙi ya zargi wanda ya sani tun suna yara, da ya yarda cewa wani a can yana son abin da shi ba ya so.