Linzamin Harshena

Lokacin cirar auduga, da an ci tuwon magariba, Iya, kakarmu ta wajen uba, takan hura wuta a ƙofar ɗakinta, can ƙauyenmu na bayan Malumfashi. Mu jikoki mu kewaye ta, dankali na gasuwa a toka. Ni ce mai zama jikin ƙafarta, don ita kaɗai ce ba ta kwaikwayon maganata.

Harshena ba ya kaɗa harafin "ra". A Hausa an bar ni da tsamin bakina, a yi dariya a wuce. Amma a Islamiyya Malam ya ce Larabci ba ya karɓar uzuri: in ban gyara ba, ba zan yi karatu gaban jama'a ranar saukarmu ba. Baba ya ji kunya ƙwarai. Ya aika wa wanzami cewa gobe ya zo ya yanke mini linzamin ƙarƙashin harshe.

Yammacin nan Iya ta ɗaga murya fiye da kullum, Baba na zaune bayan zana. Ta ba mu labarin kwaɗon da ya ji kukan kurciya ya burge shi, ya ce ɗansa ma sai ya yi irinsa. Ya kai shi wurin maƙeri aka goge masa harshe. Yaro ya dawo, ba kukan kurciya, ba na kwaɗi. Da damina ta sauka ruwa ya ɗebe shi, uwarsa na ta kira, ya kasa amsawa.

"Da sun ƙyale shi, 'yan nan," in ji Iya, idonta na kan zana, "ai da ko ba daɗi uwarsa ta ji shi."

Baba ya yi dariya. "Iya ke nan! Allah ya ba mu alheri."

Ni ma na yi dariya, har na fi kowa. Ban san ni ce ɗan kwaɗon ba.

Wanzami ya zo, ya yi aikinsa. Sati biyu sai kunu nake sha, "ra" kuwa ko alama. Aka yi sauka ina daga cikin gida ina jiyo muryoyin ƙawayena. Har yau abin na ci mini rai.

Sai a makarantar horon malamai wata malamar Larabci ta ce in saki kan harshena a bayan haƙoran sama, in riƙa cewa "tada, tada" da sauri ina hura iska. Kwana ashirin, ba aska ba jini, harshe ya kaɗa. Lokacin Iya ta shekara uku a ƙasa.

Yanzu na gane tatsuniya ce kaɗai makamin da tsohuwar nan take da shi, kuma bai ci ba. Da hutu na zauna gaban Baba na karanta masa Fatiha, kowace "ra" na kaɗawa. Ya saurara, ya gyaɗa kai.

"Kin gani ko?" ya ce. "Aikin wanzamin nan ne ya fito."