Amsar Da Mardiyya Ta Ƙi Bayarwa

Wata rana na leƙa wajen wata ƙawata da ke koyar da ɗaliban harhaɗa magunguna a jami'a. Ta ce in zauna a bayan aji in sha kallo.

Tsarinta daban ne. Takan raba su rukuni-rukuni, ta ba su irin tambayar da likita kan yi wa mai ba da magani a kan wani magani. Wannan ya binciko adadin da ake sha, wancan illolinsa, wata kuma magungunan da ba a haɗa shi da su. Sai su koya wa juna.

Daga nan ta nuna wanda ta ga dama. Makin da ya samu, shi ne na kowa a rukunin.

Ranar sai ta nuna wata Mardiyya.

Ƙawata ta riga ta gaya mini yarinyar ta faɗi kwas ɗin bara. In ta sake faɗi, sai gida.

Mardiyya ta miƙe, ta jero bayani tiryan-tiryan. Har na fara murna.

Sai malamar ta ƙara da tambayar da ba ta ba su ba: in mara lafiyan yana da ciwon ƙoda fa, adadin yana nan?

Na juya na dubi 'yan rukuninsu.

Jazuli, gwanin rukuninsu, yana gefenta. Raɗa ɗaya ta isa. Bawan Allahn nan ko motsi bai yi ba, har na ji haushinsa.

Mardiyya ta ce, "Malama, wannan ban duba ba. Ki ba mu dama mu duba tare."

"Ko ki canka? Kina iya dacewa."

"A'a, Malama. A rukuninmu mun yi alkawari ba ma canka a kan jikin mutum."

Malamar ta ba su dama. Suka haɗa kai a kan littafi, Mardiyya da kanta ta gano wurin, ta karanto cewa sai an rage adadin.

A hanya ƙawata ta ce mini da Mardiyya ta canka, ko ta dace, da ta kayar da ita. Mardiyya ta haye.

Darasi: Abokan kirki ba sa raɗa maka amsa. Suna zama da kai har ka iya cewa "ban sani ba, bari in duba" ba tare da jin kunya ba.

Tura wa wanda ya taɓa zama ya koya maka abu.