Mai Ƙarasa wa Baba Magana

Goggona, ƙanwar mahaifina, ba ta taɓa barin mijinta ya kai ƙarshen magana ba. Ban faɗa don in ci mutuncinta ba, unguwa duk ta sani. Mijin nata mai gyaran keke ne, muna ce masa Baba. Ba i'ina yake yi ba, maganarsa ce dai ba ta da sauri. Zai faɗi kalma biyu, ya tsaya, ya kalli ƙasa, ya shafa gemu, kafin ya nemo ta uku kai ka manta abin da ka tambaya.

Wurin aikinsa gindin mangwaron da ke ƙofar gidansu ne. Benci ɗaya, akwatin sufana, bahon ruwan da yake tsoma tub don gano inda ya huje, sai tsofaffin tayoyi rataye a rassa. Tagar kicin ɗin Goggo kuma daidai kansa take. Mai keke zai ce, "Baba, yaushe zan dawo?" Baba ya ce, "To, ka dawo..." Sai ka ji daga taga, "Jibi da yamma, kuma kada ka zo mana da rana tsaka." Baba ya gyaɗa kai. Haka suka tsufa, shi ya ɗauko, ita ta sauke. Har gaisuwar rasuwa tare suke zuwa, ya ce "Allah ya..." ta ce "jiƙansa da rahama," mutane su ce amin.

Rigima ta taso ne da katangar maƙwabcinsu mai kemis ta tsage daga sama har ƙasa. Ya ce saiwar mangwaron ce ta shiga ƙarƙashinta. Ya zo yin magana da Baba, taga ta amsa masa, kuma ba amsa mai daɗi ba. Sai ga sammaci, wai yana neman kotu ta sa a sare bishiyar. Mu kuwa mun san in aka sare ta aikin Baba ya ƙare. Tsoho ne, ba zai iya zaman rana ba, kuma ba shi da wani wurin.

Ranar shari'a aka haɗa ni da Goggo, wai in zauna kusa da ita in riƙe ta. Ni da ba ni da haƙuri ko na sisin kwabo, ban san wanda ya kawo wannan shawara ba. Tun a hanya nake ce mata, "Goggo, can ba tagar kicin ba ce. In ba a tambaye ki ba, ki yi shiru." Ta ce, "Ke, ni yarinya ce? Yaushe na taɓa sa baki a abin da ba ruwana?"

Ɗakin kotun ƙarami ne, bencina masu tsagaggen katako, fanka a sama tana juyawa tana kuka. Alƙalin bai wuce sa'an yayana ba, ga tabarau, ga magana a hankali. Aka kira Baba ya tsaya, ya riƙe hularsa da hannu biyu.

Alƙali ya ce, "Baba, kai ka shuka bishiyar nan?"

Baba ya ce, "Eh to, ranka ya daɗe, ni..."

"Shi ya shuka, tun mai kemis yana rarrafe," in ji Goggo.

Na mintsine ta. Alƙali ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Mama, shi nake tambaya." Ta ce, "Ai shi ne ya amsa." Aka yi dariya, ni kuwa na ji kamar in shige ƙarƙashin benci.

Tambaya ta biyu ma haka. A ta uku alƙali ya sa ɗan sanda ya fitar da ita. Na ce alhamdu lillahi. Ashe na yi saurin godiya, domin kotun ma tana da taga. Alƙali na cewa, "Ka taɓa lura katangar tana tsagewa?" Baba na cewa, "Katangar nan..." sai ga kan Goggo tsakanin ƙarafan taga, "Siminti ne ba su sa ba, yashi zalla ne."

Aka shigo da ita, aka tsayar da ita a gaba. Alƙali ya ce abin da ta yi raina kotu ne, kuma yana da ikon hukunta ta nan take. Sai ya cire tabarau, ya murza ido, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya hango abin da ke tafe. Ya ce amma doka ba ta ba shi damar hukunta kowa ba sai ya ji ta bakinsa. "Mama, kina da abin cewa?"

Wallahi na ga magatakarda ya ajiye biro ya runtse ido.

Goggo ta gyara mayafi. Ta fara daga ranar da aka shuka mangwaron, ta bi ta kan akuyar da ta cinye shi yana ƙarami ya sake tohowa, ta shiga tarihin maginin da ya yi katangar da irin halin ubansa. Alƙali ya ɗaga hannu, ta ce, "Ɗan nan, kai ka ce in faɗi." Ya sauke hannun. Lauyan mai kemis ya miƙe ya zauna, ya sake miƙewa ya zauna. Can sai muryarta ta sauya. Ta ce tana amarya ta taɓa leƙowa ta ga samari zaune a bencin Baba suna kwaikwayon maganarsa, shi kuma yana yi musu faci yana murmushi kamar bai ji ba. Ta ce tun ranar ta rantse ba za ta sake barin shi ya tsaya a tsakiyar magana mutane suna kallonsa ba. "Yanzu ka tsayar da shi gaban jama'a, ka ce in yi shiru. Ba zan iya ba. In kullewa ce ka kulle ni."

Ni da na girma a gidan ban taɓa jin wannan labari ba. Haushin da nake ji ya tafi, tausayinta ya kama ni.

Lauyan mai kemis ya ce a kai ta gidan yari ta yi kwanaki ta huce. Alƙali ya ce a'a. Ya ce ba zagi ta yi ba, ikon da aka ba shi na kare zaman kotu ne, ba na huce haushi ba. Za a tsare ta a ofishin magatakarda har a tashi, iyakarta ke nan. Wata 'yar sanda ta tafi da ita, tana tafe tana waiwayen Baba.

Alƙali ya maimaita tambayarsa. Baba ya ce, "Katangar nan..." ya tsaya. Ya juya wajen taga, ba kowa. Shirun ya yi tsawo har wani a baya ya fara ƙyalƙyala dariya, alƙali ya harare shi ya haɗiye ta. Alƙali ya ce, "Baba, ba ma sauri."

Da ƙyar, kalma na bin kalma, Baba ya ce saiwar ce ta fasa katangar. Ya ce ya gani da idonsa tun bara, kuma ya sha ɗauko maganar don ya gaya wa mai kemis, ba a kai ga ƙarshenta ba. Ya ce zai tone ya yanke saiwar da ta nufi can, ya gyara katangar da hannunsa. A bar masa inuwar kawai.

Mai kemis ya sunkuyar da kai ya ce shi da ma abin da ya zo nema ke nan tun farko. Lauyansa bai so ba, amma aka rubuta sulhu a haka, bishiya ta tsira.

Da aka buɗe ofishin muka tarar da Goggo zaune a kujerar magatakarda, idonta ja. 'Yar sandan ta ce Goggo duk ta ji ta jikin bango. Muka fito titi ba ta ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba. Muka wuce layin masu gyaran takalma, muka wuce tasha. Sai ta tsaya, ba ta kalli Baba ba ta ce, "Ashe kana iyawa ba ni."

Baba ya ce, "Ina iyawa. Amma..."

Na ga leɓenta ya motsa, ta cije shi. Motoci na wucewa, mu uku muna tsaye a bakin titi, tana jira.

"...ba daɗi," in ji shi.

Goggo ta ja bakin mayafi ta goge ido. Ta ce, "To wa ya tambaye ka? Mu je gida, rana tana dukanka."