Takardun da na ƙona da alwala

Na sha wuya a kwanakin nan uku, kuma ba ni ne ɗalibin ba. 'Yata ce take jami'a, aka ce ta rubuta tarihin yadda fataken goro suka zauna a unguwar Nima, in ba ta kawo ba babu kammalawa. Ta ce in raka ta ofishin da gwamnati ke ajiye tsofaffin takardu, wai ni na san sunayen tsofaffi. Na rufe shagon walda a Kawukudi, muka hau motar haya, wadda muke kira trotro.

Ranar farko suka ce sai da wasiƙar makaranta. Rana ta biyu aka karɓe jaka da biro, aka miƙa mata fensir. Akwai wani ƙaton littafi, a ciki ake neman lambar fayil, a rubuta a 'yar takarda, a zauna jira. Ni da na tsaya a aji huɗu, ɗumama benci kawai na yi. Rana ta uku aka kawo fayil biyu ɗaure da zare. Ta duƙufa har la'asar. Abin da ta samu, Bature ya ƙirga ɗakuna, ya yi ƙorafin kwata. Ko sunan mutum ɗaya namu babu.

Ma'aikacin wajen, wani dattijo mai haƙuri, ya yi mata bayani da Turanci. Ta juyo.

"Baba, ya ce gwamnati abin da ya dame ta kawai take rubutawa. Namu yana gida, cikin akwatunan tsofaffi, da ajami."

Sai a trotro, muna hanyar gida, na ba ta labarin.

Mahaifina falke ne, yana da akwatin ƙarfe cike da takardu. Bayan rasuwarsa ruwa ya shiga ɗakin, suka fara ruɓewa. A wajenmu takarda mai baƙaƙen Larabci ba ta zuwa bola. Ƙonawa ake yi, a zuba tokar inda ƙafa ba ta takawa. Na yi alwala, na yi bisimilla, na cinna musu wuta. Har lada nake sa rai.

"Ka karanta kafin ka ƙona?"

"Da wane idon? Izu biyu gare ni, su ma da ka."

"To wa ya ce maka Alƙur'ani ne?"

Babu wanda ya ce. Kuma na tuna sarai, wasu da kan sarki manne a jikinsu. Na gani da idona, ban tsaya na tambayi kaina yaushe aka fara aiko aya ta gidan waya ba. Wasiƙun tsohon ne, daga garuruwan da ya bi kafin ya sauka nan. Ba ta yi min faɗa ba, ta juya tana kallon titi. Da ma faɗan ta yi.

Abin da ya tsira ƙunshi ɗaya ne. Gwaggona ta unguwar Maamobi ta zare shi daga cikin takardun ranar da zan ƙona su, ta naɗe a ƙyalle, ta rataye bisa ƙofarta, wai tsarin gida ne. Ko jikokinta ba sa taɓawa.

Da safe ban buɗe shago ba. Na sayi farin goro, na ce wa yarinyar ta cika wayarta da caji don ɗaukar hoto, muka tafi. Gwaggo ta karɓi goron, ta saurare ni har ƙarshe.

"Kai mai wuta? Ba dai hannunka ba. Ita ta kwance, a gabana, kuma ta mayar yadda ta gani."

Na ce na yarda. Na jawo turmi na kife a bakin ƙofa, na riƙe shi gam, 'yata ta hau don ta sauko da ƙunshin.